Zaman Karatun Wata-Wata na Littattafan Yara: Tambayoyin da Iyaye da Malamai Ke Yawan Yi

Tun da muka fara tara yaran unguwa sau ɗaya a wata muna hira kan littafin labari, tambayoyi iri ɗaya ne ke ta dawo mana, daga iyayen da ke son kawo 'ya'yansu, da malaman da ke son buɗe irinsa a nasu wurin. Ga su nan a haɗe. Mun sa musu lamba don mai karatu ya iya tsallakawa daga wata amsa zuwa wata.

1. Mene ne zaman karatun wata-wata, kuma me ya raba shi da lesin?

Ana tsayar da littafin labari guda, kowane yaro ya karanta shi a gida cikin wata, ranar da aka sa a haɗu a yi hira a kansa. Babu maki, babu jan biro, babu bulala. A lesin malami ne ke riƙe da amsa, yaro kuma yana ta lalube ya dace da ita. A nan abin da ake nema shi ne yaro ya faɗi yadda shi ya ga labarin, ya kawo hujjarsa daga cikin littafin, sannan ya iya sauraron wanda ya saɓa masa ba tare da an yi faɗa ba.

Ba baƙon abu muka ɗauko ba. Duk wanda ya tashi a gidan da ake cewa "ga ta nan ga ta nanku" a amsa "ta zo mu ji ta" ya san bayan ƙurunƙus yara ba sa watsewa shiru. Sai an yi gardama kan ko Gizo ya kyauta wa Ƙoƙi, ko Kura ta cancanci abin da ya same ta. Wannan gardamar muke son dawo da ita, sai dai yanzu labarin yana cikin littafi, yaron ne da kansa ya buɗe ya karanto.

2. Me ya sa sau ɗaya a wata? Mako-mako bai fi ba?

Yaronmu yana da boko da safe, islamiyya da yamma, wani ga hadda, wata ga talla ko raino. Idan aka ce duk mako, zama uku za a yi a gaji. Wata guda yana isar mai karatu a hankali ya gama ƙaramin littafi, yana kuma ba da damar kwafi ɗaya ya zaga hannu biyu ko uku, kamar yadda aka yi bayani a tambaya ta 7.

3. Yara nawa za a tara, kuma 'yan shekara nawa?

Yara 8 zuwa 12 ya fi daɗi. Ƙasa da haka, ranar da uku suka yi fashi zaman ya mutu. Sama da haka, masu baki huɗu ne za su cinye hirar, saura su zama 'yan kallo. Game da shekaru, mun fi ganin dacewar 'yan 9 zuwa 13 a wuri ɗaya. Ɗan shekara 7 da ɗan 15 ba abu ɗaya ke ba su dariya ba, kuma ƙaramin ba zai taɓa musa wa yayansa magana a bainar jama'a ba. In yara sun yi yawa, a raba gida biyu.

Haɗa maza da mata ya danganta da wurinku da yardar iyaye. In za a raba, a raba, amma kada a ce maza kaɗai za a yi wa, domin sau da yawa 'yan matan ne ke gama littafin tun kafin rabin wata.

4. A ina za a zauna, kuma wace rana?

Zaure, tsakar gida mai inuwa, ajin makaranta bayan an tashi, ko ɗakin karatu na gwamnati in kuna kusa da shi, kamar na Murtala Muhammad da ke Kano. Abu biyu ne sharaɗi: wuri ne da iyaye suka sani kuma kowa zai iya leƙowa, sannan a kasance da babba fiye da ɗaya. A shimfiɗa tabarma a zauna a da'ira, har da jagoran. Da zarar jagora ya tsaya gaban allo da alli a hannu, yara sun koma aji, bakinsu ya rufe.

Rana kuwa, a duba jadawalin islamiyyar unguwa. A wurare da yawa Alhamis da Juma'a ne hutunta, don haka yammacin Alhamis bayan la'asar yakan fi safiyar Asabar da mutane ke fara tunani. In akwai yara Kiristoci a cikinku, a kauce wa safiyar Lahadi. A tsayar da ƙa'ida mai sauƙin riƙewa, misali Alhamis ɗin ƙarshen kowane wata, a tashi kafin magariba.

5. Da wane littafi za mu fara?

Ku fara da wanda zai sa su dariya. Mu da *Ruwan Bagaja* na Abubakar Imam muka fara, kuma shi muke ba kowa shawara. Ya fito ne daga gasar rubutun ƙagaggun labarai da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East, gasar da ta haifar da *Ganɗoki* na Bello Kagara da *Shaihu Umar* na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Littafin gajere ne, kuma yadda Alhaji Imam da Malam Zurƙe ke ta rama wa juna tsiya gari bayan gari, a hanyar neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, yana riƙe yaro har wanda ya ce shi ba ya son karatu.

Bayan shi sai *Magana Jari Ce*, shi ma na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937 kuma yake da littafi uku. Kada a ɗora wa yara littafi guda sukutum a wata ɗaya. A ɗauki farkon na ɗaya, inda aku ke tsare Musa ɗan sarki da labari dare bayan dare don kada ya fita ya faɗa tarkon waziri, a haɗa da labarai biyar ko shida daga ciki. Zai iya cin wata uku, kuma ba za su ƙosa ba. *Tauraruwa Mai Wutsiya* na Umaru Dembo, na 1969, yana ba yara mamaki, domin yawancinsu ba su taɓa zaton akwai labarin tafiya sararin samaniya da Hausa tun zamanin kakanninsu ba. *Iliya Ɗan Maiƙarfi* na Ahmadu Ingawa kuma yakan kama yara maza masu son labarin jarumta. *Shaihu Umar* a bar shi sai zaman ya yi ƙwari, saboda dalilin da ke tambaya ta 13.

Ƙa'ida ɗaya ce ba ma karyawa: jagora ya karanta littafin tun daga bango har bango kafin ya miƙa wa yaro. Tunawa da cewa "mun yi shi a firamare" bai wadatar ba. Bayan wata uku ko huɗu, a riƙa kawo littattafai biyu ko uku da jagora ya riga ya tace, a karanta shafin farko na kowanne, yara su ɗaga hannu su zaɓa. Littafin da suka zaɓa da kansu sun fi gama shi.

6. Da Hausa za a karanta ko da Turanci? Iyaye sun fi son Turanci.

Mun san wannan matsin, kuma ba ma raina shi, domin jarrabawa da Turanci ake yin ta. Amma yaron da ke fama da kowace kalma ba zai ji daɗin labari ba, wanda bai ji daɗi ba kuma ba zai sake ɗaukar littafi don kansa ba. Shi ya sa muke fara watannin farko da Hausa, sannan mu riƙa sassauyawa: wata Hausa, wata Turanci. Na Turancin ma a nemi wanda ƙasarsa ba ta yi wa yaro nisa ba. *The Passport of Mallam Ilia* na Cyprian Ekwensi, wanda aka haifa a Minna, labari ne na ramuwar gayya da wani dattijo ke bayarwa a cikin jirgin ƙasa, kuma a Arewa aka gina shi. *Chike and the River* na Chinua Achebe, na 1966, labarin yaro ne a Anaca da ke mafarkin haye kogin Kwara.

Ko da littafin na Turanci ne, hirar a bar yaro ya yi ta da harshen da tunaninsa ke gudu a ciki. A Nijar, inda boko da Faransanci ake yi, shawarar ɗaya ce. Abin lura kawai shi ne wasu yaran, a ƙasashen biyu, suna jin Hausa sarai amma ba su saba karanta ta a rubuce ba. Zaman farko a ɗan nuna musu ɓ da ɗ da ƙ, da bambancin "ts" da "s". Minti goma ya isa.

7. Ba mu da kuɗin saya wa kowane yaro kwafi. Yaya za mu yi?

Ba a buƙatar kwafi 12. Huɗu sun isa yara 12 in aka raba su uku-uku bisa kusancin gida: kowa ya riƙe kwana tara ko goma ya miƙa wa na gaba. Wasu ma sukan zaɓi su zauna su ukun su karanta tare, wannan ya fi. Kuɗin saye kuwa, a yi masa tsarin adashe: iyaye su riƙa zuba ɗan abin da ya sawwaƙa duk wata, a sayi littafin wata mai zuwa, in an gama ya shiga akwatin ƙungiya. Cikin shekara kun tara ƙaramin ɗakin karatu da ƙannensu za su gada.

Tsofaffin littattafan Hausa da muka ambata a tambaya ta 5, kamfanin ɗab'i na NNPC (Northern Nigerian Publishing Company) da ke Zariya ne ya daɗe yana buga su, kuma ana samunsu wurin masu sayar da littattafan makaranta. Kafin ku saya, ku tambayi gidaje. Akwatunan iyaye da kakanni suna ɓoye da *Magana Jari Ce* fiye da yadda kuke zato. Ga ƙananan yara kuma, shafin African Storybook yana da gajerun labarai masu hotuna da Hausa, kyauta, an kuma yarda a buga su a takarda. Abin da ba ma yi shi ne ɗaukar littafin da ke kasuwa mu yi masa fotokwafi gaba ɗaya. Haƙƙin marubuci ne da mai bugawa, kuma yara suna kallon abin da muke yi.

Kowane littafi a sa masa riga da takardar buhun siminti ko tsohuwar kalanda, a rubuta sunan wanda ya ara a littafin rajista. Zai dawo da tabon manja, wannan dole ne. In ya ɓata, a yi magana da iyaye a gefe, kada a tozarta yaro a gaban 'yan'uwansa.

8. Yaya zaman kansa ke tafiya?

Awa ɗaya da rabi ya isa. Bayan gaisuwa da addu'a, kowa ya faɗi wuri guda da ya fi tsaya masa a rai, a zaga da'ira ba a tsallake kowa. Sai yaro ɗaya ko biyu su karanta shafi da babbar murya. Daga nan hira, wadda ita ce zuciyar zaman, kamar minti 40. Sauran lokacin a yi wani abu da hannu ko da jiki: su kwaikwayi wata fitowa, su zana wani daga cikin mutanen labarin, ko su sauya ƙarshen labarin su faɗi nasu. A rufe da raba littafin wata mai zuwa. In akwai zoɓo da ƙuli-ƙuli ko cincin, a ajiye sai ƙarshe.

9. Wace irin tambaya ce ke sa yara su yi magana?

Nan ne yawancin zama ke rayuwa ko ya mutu. Tambaya irin "wane ne sarkin garin?" ko "a wane gari suka haɗu?" jarrabawa ce. Amsarta ɗaya, wanda ya sani ya faɗa, wanda bai sani ba ya sunkuyar da kai. Tambayar da muke nema ita ce wadda mutum biyu masu hankali za su iya saɓawa a kanta, kowa da hujjarsa. Tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe, wa ya fi cutar ɗan'uwansa? Aku ya riƙe Musa da dabara don ya tsare ransa: wannan yaudara ce ko amana? Da kai ne Musa, ka gane daga baya, za ka gode masa ko za ka ji haushi? Wa kuka fi tausayawa a littafin nan, ko da shi ne mugun? Ina ne kuka ji marubucin ya yi sauri, kuka so ya tsaya?

Duk amsar da yaro ya bayar, abin da jagora zai bi ta da shi shi ne: "Me ka gani a littafin da ya sa ka ce haka?" Sai a ga sun koma suna buɗe shafuka suna nema. Wata yarinya 'yar shekara 11 ta taɓa tsayawa kai da fata cewa ita ba ta ga jarumi a *Ruwan Bagaja* ba, ta ga mutum biyu ne masu wayo da suka wahalar da bayin Allah a hanya. Yaran maza suka yi mata ca. Ta buɗe littafin ta nuna musu wuri uku. Ba a rabu an yarda da juna ba ranar, amma kowa ya tafi gida yana son sake karantawa, kuma wannan zaman har yau suna tuna shi.

Akwai tambaya ɗaya da muke roƙon jagorori su riƙe bakinsu daga yin ta, aƙalla a farkon hira: "Wane darasi muka koya?" Yaranmu sun haddace amsarta tun aji biyu. Za su ce haƙuri, za su ce biyayya ga iyaye, za su ce ƙarya ba kyau, ko da ba su buɗe littafin ba. Tana rufe hira ruf. Tarbiyyar da ake nema tana fitowa da kanta a lokacin da suke gardamar wa ya kyauta wa bai kyauta ba, kuma wadda yaro ya fito da ita da bakinsa ta fi zama. Haka nan jagora ya ajiye nasa ra'ayin sai ƙarshe, domin da Malama ta faɗi nata, babu mai sake musawa.

10. In yaro ya zo bai karanta ba, ko karatunsa bai yi ƙwari ba fa?

Ya shigo ya zauna. Korar sa ita ce hanya mafi sauri ta raba shi da littafi. A sa wani ya ba shi labarin a taƙaice, wanda hakan ma horo ne ga mai bayarwar. Jin abokansa suna ƙyalƙyala dariya kan abin da shi bai sani ba yakan yi aikin da faɗa ba zai yi ba.

Mai raunin karatu kuma kada a tilasta masa karatu da babbar murya a gaban jama'a. A haɗa shi da wanda zai karanta masa a gida, yaya ko uwa ko abokin rukuninsa na tambaya ta 7, shi yana bi da yatsa. Wanda aka karanta wa ya ji labarin, yana da cikakken haƙƙin magana. Sau da yawa ma irin waɗannan yaran sun fi kowa riƙe abin da ya faru, saboda da kunne suka saba ɗauka.

11. Wasu ba sa cewa uffan, wasu ba sa barin kowa ya yi magana.

A samu wani abu, ko da ludayi ne ko mafici, wanda yake hannunsa shi ke da magana. Mai kunya a fara tambayarsa abu mai sauƙi, ko a bar su su tattauna biyu-biyu kafin a dawo da'ira. Mai surutu a ba shi aiki: shi ke kula da lokaci, ko shi zai maimaita abin da na gabansa ya faɗa kafin ya kawo nasa. A tuna an koya wa yaranmu cewa yawan magana a gaban manya rashin kunya ne, don haka shirun watannin farko ladabi ne. Yana sakin su a hankali in suka ga ba a yi wa kowa dariya.

12. Hausar tsofaffin littattafan nan ta yi wa yara tsauri. Mu sauƙaƙa musu?

Kada ku sauya ta. Ku sa kowane yaro ya zo da kalma uku da bai gane ba, a rubuce. Za su kawo irin su anini da sule da fam, kuɗin da aka yi amfani da su kafin Naira ta zo a 1973, da sarautu da kayan yaƙi irin su barde, lifidi, sulke, da karin magana da ba su taɓa ji ba. Wanda ya sani ya faɗa, abin da ya gagara a ba su aikin su tambayo kaka ko wani dattijo a unguwa. Wannan aikin ya sa wasu tsofaffi suka fara tambayar jikokinsu ina aka kwana a labarin. In da hali, a gayyaci ɗaya daga cikinsu zama guda, a ba shi wuri ya yi bayanin yadda ake ƙirga kuɗi a zamaninsa.

13. Wani uba ya ce labarin ƙarya ne, ga aljanu da sihiri, zai ɓata tarbiyya. Me za mu ce masa?

A saurare shi da girmamawa, domin tsoronsa yana da tushe. Yana ganin irin labaran da ke yawo a WhatsApp waɗanda ba a rubuta don yara ba, kuma da ya ji an ce littafin labari, can hankalinsa ke tafiya. Amsa mafi kyau ita ce a miƙa masa littafin ya duba, a kuma ce masa, "Baba, ƙofa a buɗe take, ka zo ka zauna ka ji." A ba iyaye jerin littattafan watanni masu zuwa tun da wuri. Yaro ya san Gizo ba ya magana, ya san ƙagaggen labari daban, ƙarya daban. In uba ya ce ɗansa ba zai karanta wani littafi ba, a mutunta, yaron ya dawo wata na gaba.

Abin da ya fi aljanu buƙatar shiri shi ne wuraren da ke da nauyi na gaske. *Shaihu Umar* labarin yaro ne da aka sace, aka ƙetara da shi Sahara, mahaifiyarsa ta fita nemansa har ita ma ta faɗa hannun masu cinikin bayi. Tarihinmu ne, ya kamata su sani, amma a yankunan da satar mutane ta taɓa, wataƙila a cikin da'irar akwai yaron da abin ya shafi gidansu. Jagora ya san yaransa kafin ya zaɓa. Haka kuma a tsofaffin littattafan akwai wuraren da ake yi wa makaho ko baƙauye ko wata ƙabila dariya. Ba ma tsallake su. Muna tsayawa mu tambaya: da kai ne wannan mutumin, yaya za ka ji?

14. Manya za su iya yin nasu zaman kan littattafan yara?

Ƙwarai, kuma yana da amfani musamman ga iyaye mata da malaman firamare. Wanda ya karanta *Magana Jari Ce* yana ɗan shekara 10 dariya ya sha. In ya sake karantawa yana da 40, sai ya ga maganar mulki da hassada da amanar fada, ya kuma lura da yadda Imam ya ɗauko labarai daga Larabawa da Turawa ya sa musu rigar Hausa har ba a gane baƙi ne. Irin wannan zaman shi ne wurin tace littattafan da za a ba yara, kuma daga cikinsa ake samun sababbin jagorori.

15. Mun fara da zafi, yanzu yara sun ragu. Ina matsalar?

A fara duba kalanda. Watan jarrabawa da watan azumi ba a ɗora littafi mai tsawo. A yi gajeren labari guda a karanta shi a wurin, ko a ɗaga zaman gaba ɗaya a sanar tun da wuri. Lokacin damina yaran karkara suna gona, a rage. In ba kalanda ba ce, to ɗaya daga cikin uku ne: littafin ya fi ƙarfinsu, ko kwafi ba ya isa hannunsu a kan lokaci, ko zaman ya koma aji ba ku lura ba, sai a koma tambaya ta 9. A tambayi yaran da suka daina zuwa, ɗaya-ɗaya, ba a gaban iyayensu ba. Sukan faɗi gaskiya.

Wani abin da ke farfaɗo da zama shi ne a ba shi rana ta musamman. Ranar Littafi ta Duniya, 23 ga Afrilu, ko Ranar Hausa, 26 ga Agusta, a gayyato iyaye, yara su kwaikwayi wata fitowa daga littafin da suka fi so, kowa ya karanta ƙarshen labarin da ya sauya da kansa. Tun wata guda kafin ranar a raba musu matsayi, a fara neman rawani da sandar da Malam Zurƙe zai riƙe.